Bindigar Ƙarshen Zubi: Suna Ake Saye Ko Hannun Maƙeri?

Duk wanda ya shiga harkar tara tsofaffin bindigogin farauta masu baki biyu, ba ya daɗewa zai ji ana raba kaya gida biyu, na farkon zubi da na ƙarshen zubi. Na farkon su ne waɗanda masana'anta ta ƙera tana kan ganiyarta. Na ƙarshen kuwa su ne waɗanda suka fito dab da rufe ƙofa, ko bayan kamfanin ya koma hannun wani. A bakin yawancin dillalai, na farkon ne kaya, na ƙarshen kuma abin da mutum ke komawa kai idan aljihunsa ya gaza. Wannan rabo yana da daɗin faɗa, sai dai bai cika gaskiya ba. Akwai bindigar ƙarshen zubi da ta fi duk yayyenta ƙarfi da dacewa da harsashin yau, akwai kuma wadda ba ta gaji komai daga gidansu ba sai sunan da aka buga mata a jiki. Shekarar ƙira kaɗai ba ta raba waɗannan biyun. Mai raba su shi ne sanin wa ke riƙe da masana'antar a lokacin, su wa ke kan bencin aiki, kuma me aka canza.

Sai an fara sanin abin da ya kashe wannan sana'a kafin a gane 'ya'yanta na ƙarshe. Bindiga mai baki biyu aikin hannu ce tun asali. Bututu biyu ake jerawa a liƙe su, sannan a yi ta daidaita su har su riƙa zuba ƙwayoyinsu wuri guda. Ƙirjin bindigar, wato ƙarfen da ke riƙe da bututun da kunama, da zarto ake gyara shi har ya zauna daram. Ƙota ma sai an sassaƙe ta ta rungumi ƙarfen. Duk wannan lokaci ne, lokaci kuma kuɗi ne. A gefe guda, bindigogi masu bututu ɗaya da ke ɗaukar harsashi da yawa sun shigo kasuwa, irin su Winchester Model 12 ta 1912 da Auto-5 ta John Browning, waɗanda inji ke yin mafi yawan aikinsu. Karayar tattalin arziki ta 1929 ta zo ta kwashe masu sayen kayan tsada, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya juya masana'antu zuwa kayan soja. Da aka gama yaƙi ladan ƙwadago ya tashi, tsofaffin maƙera sun yi ritaya, a 1950 kuma Remington ta fito da 870 mai arha da ƙarko. Kafin wannan shekarar ta ƙare, kusan duk manyan sunayen Amurka sun daina ƙera bindiga mai baki biyu irin ta da.

Amma kowane gida da irin mutuwar da ya yi, kuma a nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido.

A ɗauki Ithaca. Samfurinta da ake kira Flues, wanda ta yi daga 1908 zuwa tsakiyar shekarun 1920, mara nauyi ne mai daɗin ɗauka, an kuma yi shi ne don harsashin zamaninsa. A 1922 kamfanin Western ya fito da harsashin Super-X mai albarushin da ke ci a hankali yana tura dalma mai yawa, sai aka fara ganin ƙirjin wasu Flues yana tsagewa, musamman ƙanana marasa nauyi. Ithaca ta sake zane gaba ɗaya ta fito da wadda ake kira NID, ta yi ta har 1948. Ƙarfinta ya kai har a 1932 a kanta aka ɗora harsashin geji 10, wato na babban ramin bututu, mai tsawon inci uku da rabi. To a wannan gida, ƙarshen zubi shi ne wanda ya nuna. Wanda ya ce ta farko ta fi don kawai ta girme ta, bai san tarihin gidan ba.

Haka Winchester Model 21, wadda ta fito a farkon shekarun 1930, lokacin da sauran ke tangal-tangal. An daina yin ta a layin masana'anta wajen 1960, daga nan sai wanda ya ba da oda ake ƙera wa, a sashen aiki na musamman, da katako zaɓaɓɓe da zane gwargwadon kuɗinsa. Waɗannan na bayan sukan fi na farkon tsada nesa ba kusa ba.

Parker kuwa labarinta ya fi rikitarwa, kuma shi ne wanda masu tarawa suka fi musu a kai. Gidan Parker na garin Meriden a jihar Connecticut ya fara ƙera bindigogin farauta tun ƙarshen shekarun 1860. A 1934 Remington ta saye shi. Ba ta kwashe komai nan take ba, aiki ya ci gaba a Meriden da tsofaffin ma'aikata na 'yan shekaru, sannan aka mayar da shi Ilion a jihar New York kafin yaƙi ya tsayar da shi wajen 1942. Daga cikin kimanin bindigogi 242,000 da suka fito da sunan Parker, dubbai kaɗan ne kawai na zamanin Remington. Ke nan ko a cikin wannan ƙarshen zubin akwai zubi biyu, na Meriden da na Ilion, kuma masu ido suna bambanta su ta launin ƙarfe da salon zane da rubutun da ke jiki. Wasu na ganin na Ilion sun rasa wani abu na tsohon hannu. Ni dai a ganina an cika zuzuta wannan rashi. Remington ba ta rage ingancin ƙarfe ba, kuma zamaninta ne ya zo daidai da tashen wasan harbin farantin yumɓu da ake kira sikit, wanda ya samu sunansa a 1926. Saboda haka a cikin waɗannan 'yan dubban ne aka fi samun abubuwan da kasuwa ke rububi a yau: ƙananan geji, kunama ɗaya mai harba baki biyu, faffaɗan mariƙin gaba, da ƙota miƙaƙƙiya. Ƙarancin adadi ya haɗu da abin da ake so, farashi ya hau.

Tun da an ambaci geji, a ɗan tsaya. Ma'auni ne na faɗin ramin bututu, kuma lissafinsa a juye yake. Idan dunƙulen dalma 12 masu faɗin ramin suka cika nauyin laba ɗaya, bindigar geji 12 ce. Geji 20 ta fi ta ƙanƙanta, 28 ta fi 20. Ita .410 da inci aka auna ta. A da mafarauta geji 12 suka fi saye, don haka ita ta cika kasuwa, ƙananan kuma suka yi ƙaranci. Bindigogi biyu masu daraja ɗaya, wato matakin ado da kyan katako da masana'anta ta ba su, daga gida ɗaya, sai ka ga geji 28 ta ninka geji 12 sau da yawa a kuɗi. Wannan tazarar ce ta haifi yawancin algus ɗin da ke cikin harkar.

Sai gidan Fox, inda tarkon suna ya fi fitowa fili. Ansley Fox ya kafa kamfaninsa a Philadelphia a farkon ƙarni na 20, bindigarsa kuma ta yi suna saboda sauƙin kayan cikinta da wuyar lalacewa. Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya tafi da ɗaya farautarsa ta Afirka a 1909, kuma a 2010 an yi gwanjon wannan bindigar a kan dala 862,500. A 1929 Savage ta sayi kamfanin, ta mayar da aikin Utica a New York. Fox ɗin Utica har yanzu Fox ce ta gaskiya, zanen Ansley ne a cikinta, ko da yake katakonta yakan fi kauri kuma gamawarta ba ta kai ta Philadelphia laushi ba. Galibi ta fi arha, kuma ga mai son ya fita da ita daji, ciniki ne mai kyau. Amma daga 1940 Savage ta fito da wata mai suna Fox Model B, ta yi ta sayar da ita har cikin shekarun 1980. Wannan ba zanen Ansley Fox ba ne sam. 'Yar gidan Stevens ce, wani kamfanin da Savage ta mallaka tun 1920, aka yi mata ado aka sa mata sunan Fox. Bindiga ce mai aiki, ba abin raini ba ce a wurin mafarauci. Sai dai kama da wane ba ta wane, kuma sabon shiga da ya biya mata kuɗin Fox don ya ga sunan a ƙirji, ya biya kuɗin abin da bai samu ba.

L.C. Smith ta bi duk matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Hunter Arms ne ya riƙa ƙera ta a garin Fulton na jihar New York tun wajen 1890. Ya karye, Marlin ta saye shi a 1945, aka ci gaba a wuri ɗaya da mutane ɗaya, har wani sashe na benen masana'antar ya rufta a 1949, aiki ya tsaya a 1950. A ƙarshen shekarun 1960 Marlin ta farfaɗo da ita na 'yan shekaru. Bayan shekara ta 2000 kuma ta sake manna sunan a kan bindigogin da aka ƙero a Turai. Mai talla zai iya kiran kowace ɗaya daga cikin ukun L.C. Smith ta baya-bayan nan, kuma bai yi ƙarya ba. Kai mai saye ne za ka tambaya wacce.

Me bindigar ƙarshen zubi ta gaskiya ke ba mutum wanda ta farkon ba ta da shi? Na ɗaya ƙarfe. Tsofaffin bututu da yawa na Damaskus ne, wato siraran sandunan ƙarfe aka murɗa aka naɗe a jikin sanda aka yi ta duka har suka haɗe. Suna da kyan gani ƙwarai, masu kyau daga cikinsu kuma suna da ƙarfi, amma kowace gaɓa ta haɗi wuri ne da tsatsa za ta iya ɓuya. Zuwa shekarun 1930 ƙarfe zubi ɗaya ya riga ya maye gurbinsu. Na biyu mazaunin harsashi. Kafin a daidaita ma'auni, geji 12 na Amurka da yawa inci 2 da kashi 5 cikin 8 ne, geji 16 inci 2 da kashi 9 cikin 16, na Ingila kuma inci biyu da rabi. Harsashin da ya cika shaguna yanzu inci 2 da kwata uku ne. Zai shiga gajeren mazauni lafiya lau, domin tsawon da ake rubutawa na kwanson ne bayan ya buɗe, amma idan aka harba sai bakin kwanson ya buɗe a inda ramin ya fara tsukewa, matsi ya ƙaru. Na baya-bayan sun fi zuwa da dogon mazauni daga masana'anta. Na uku ƙota. Mutanen da sun saba harbi kai a miƙe, don haka ƙotar tsofaffin takan sunkuya ƙasa har inci uku ko fiye. Mai harbi na yau da ke kwantar da kunci a katako, idan ya ɗaga irin wannan, bayan ƙirjin bindigar kawai zai gani. Na shekarun 1930 zuwa sama sun fi kusa da jikin mutumin yau.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Bindigar da aka ƙera a 1947 ta sha hannu ƙasa da ta 1905 da shekara arba'in da wani abu, kuma ta zo zamanin da aka daina amfani da ƙyastun harsashi mai cin ƙarfe. Damar samun ta yadda ta fito daga masana'anta ta fi yawa. A wurin mai tarawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin asali shi ne kuɗi.

Abin da takan rasa kuwa yana cikin ƙananan abubuwa ne da ido ke koya a hankali. Zanen da a da mutum ɗaya zai kwana a kai, sai a mayar da shi na gaggawa ko a buga da inji. Tsagar da ake yi wa katako don hannu ya kama, a arha-arhan bayan yaƙi danna ta ake yi da ƙarfe mai zafi maimakon a yanka. Launin nan mai kama da bakan gizo da ke kan ƙirji, wanda ake samu ta hanyar gasa ƙarfe cikin gawayin ƙashi, wasu masana'antu sun koma samar da shi da wankan sinadari mai sauri, ya fito da ratsi-ratsi masu kaifi. Stevens ma ta taɓa sa wa wasu bindigoginta ƙotar roba a shekarun 1940. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana bindiga harbi, amma kowanne yana gaya maka halin da kamfanin ke ciki a ranar.

Misali mafi muni na rage kuɗi ya faru ne a gidan da ba a zata ba. Browning Superposed, mai baki ɗaya a kan ɗaya, tana cikin zane-zanen ƙarshe na John Browning. Ya rasu a Beljiyam a 1926, ɗansa Val ya ƙarasa aikin, ta shiga kasuwa a 1931, masana'antar FN ta garin Herstal a Beljiyam ke ƙera ta. A tsakiyar shekarun 1960 buƙata ta yi yawa, busasshen katakon walnot ya yi ƙaranci, sai aka karɓi katakon da aka busar da shi ta hanyar lulluɓe shi da gishiri don a yi sauri. Gishirin ya zauna cikin katakon. Bindigogin da suka fito tsakanin kimanin 1966 zuwa 1972 wasunsu sun riƙa tsatsa daga ciki, daidai inda katako ya taɓa ƙarfe. Abin takaicin, katako mai kyan ratsi ne ya fi shan gishirin, wato masu daraja ta sama su suka fi kamuwa. Kyan ɗan maciji ke nan. Ba duk na waɗannan shekarun ke da cutar ba, amma duk wanda zai sayi ɗaya sai ya kwance sukurun da ke gindin ƙota ya duba ko sun yi tsatsa, ya duba gefen ƙarfe inda ya haɗu da katako, in da hali a ɗiga ruwan sinadarin azurfa a ɓoyayyen wuri na katakon, wanda ke yin fari idan ya gamu da gishiri. Wannan ne ya sa Superposed ta kafin 1966 ta fi ta bayanta kuɗi, kuma a nan masu fifita tsohon zubi suna da hujja.

Idan aka tsallaka Turai, aikin mai saye ya ɗan yi sauƙi ta wani ɓangare, domin bindigar tana ɗauke da takardar haihuwarta a jiki. Amurka ba ta da gidan gwajin bindiga na hukuma, kowane kamfani shi ke gwada kayansa. A Ingila kuwa akwai gidan gwaji na Landan da ya samo asali daga 1637, da na Birmingham da aka kafa a 1813, kuma doka ta hana sayar da bindigar da ba ta da ingantaccen tambarin gwaji. Cire bututun ka juya shi, a shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ke ƙasa za ka ga tambura. A ƙarƙashin ƙa'idojin 1954 ana buga faɗin rami da inci, misali .729 ga geji 12, da tsawon mazaunin harsashi, da matsin da aka amince mata. Idan an yi ta goge ramin don kawar da tsatsa har ya ƙaru da .010 na inci a kan abin da aka buga, tambarin ya mutu, sai an sake gwaji. Birmingham tana sa haruffan shekara tsakanin takubba biyu da suka gitta tun 1921. Beljiyam da Sifaniya da Italiya ma kowacce tana da nata haruffan shekara, Jamus kuma takan buga wata da shekara da lambobi. Wanda ya koyi karanta waɗannan, dillali ba zai ƙara wa bindiga shekaru ko ya rage mata a gabansa ba.

A Ingila, Webley & Scott 700 ita ce misalin ƙarshen zubi mai albarka. An yi ta bayan yaƙi har zuwa 1979, a kan tsarin Anson da Deeley, mai ɓoye kayan harbi a cikin ƙirji, wanda aka yi wa rajista tun 1875. Ba ta da adon manyan gidajen Landan irin Purdey da Holland & Holland, amma ƙarfenta na zamani ne, tambarinta sabo ne, kuma da yawa ba su sha wahala ba. A Sifaniya labarin ya juya. Gidan AyA na garin Eibar ya yi suna da kwaikwayon salon Ingila a farashi mai sauƙi tun ƙarshen shekarun 1950, amma a tsakiyar shekarun 1980 aka haɗe shi da wasu ƙananan masana'antu a ƙarƙashin kamfani ɗaya mai suna Diarm, haɗakar ta rushe cikin 'yan shekaru, tsofaffin ma'aikata suka sake tayar da AyA. Kayan wancan tsakanin ba su da farin jini, kuma harafin shekara ne ke tona su.

To yanzu ga bindigar a hannu. Abin da za a fara da shi bututu ne, domin shi ne abin da ba a maye gurbinsa da arha. A cire shi, a rataye shi da yatsa ta ƙugiyarsa, a ƙwanƙwasa. Lafiyayye yana amo mai tsawo, wanda liƙinsa ya saki kuma sai ya yi dum. Liƙin yawancin tsofaffin nan na dalma da kuza ne, kuma idan wani ya tsoma bututun a tafasasshen ruwan rini irin na bindigogin zamani, ruwan yana cin liƙin a ɓoye. Baƙi mai sheƙi fiye da kima a kan tsohuwar bindiga abin tuhuma ne. Daga nan a auna kaurin bangon bututun da ma'auninsa, ba da ido ba. Rami mai ƙyalli kamar madubi yana iya nufin an kula da shi, yana kuma iya nufin an kankare shi. A harkar, idan bango ya sauka ƙasa da .020 na inci a wani wuri, ana ɗaukar sa ya zo gaɓa. A auna tsawo kuma. Masana'antu sukan yi inci 26 ko 28 ko 30 ko 32 cif, saboda haka inci 27 da ɗoriya a bindigar Amurka alama ce an yanke. Yankewa tana tafiya da matsin baki, wato tsukewar da ke cikin inci biyun ƙarshe mai haɗa ƙwayoyi su tafi tare, tana kuma tafiya da babban kaso na darajar bindigar.

Sai a cire mariƙin gaba, a riƙe ƙota a girgiza. In an ji motsi tsakanin bututu da ƙirji, ta saki. Ana gyarawa, amma a cire kuɗin gyaran daga ciniki. A duba katako a bayan ƙarfe, musamman a L.C. Smith, wadda aka san ta da tsagewa a bayan farantan ƙarfe na gefe masu ɗauke da kayan harbi, saboda an rarake katakon sosai a wurin. Katakon da ya yi baƙi ya jiƙe da mai ya yi laushi a ciki. Katakon da ya zauna ƙasa da gefen ƙarfe an goge shi da sanfefa. Kan sukuru da ya tauye yana nuna wanda bai iya ba ya shiga ciki. Lambar jiki kuma dole ta zama ɗaya a ƙirji da bututu da mariƙin gaba.

A nan ne zancen asali ke cizo. Bindigar da launinta na masana'anta ya rage rabi, ta fi wadda aka sake wa launi tas daraja a wurin mai tarawa, ko da wanda ya sake ɗin gwani ne. Kuma saboda ƙarshen zubi yakan zo da kyan jiki, mai algus ya fi samun wurin ɓuya a cikinsa: ba wanda zai yi mamakin ganin ta 1940 tana sheƙi. Ana ɗaukar mai ƙaramar daraja a ƙara mata zane a buga mata harafin babbar daraja. Ana sa wa bindiga kunama ɗaya ko faffaɗan mariƙi daga baya a ce haka ta fito. Maganin wannan littafin masana'anta ne. Gidan tarihin bindigogi da ke garin Cody a jihar Wyoming yana riƙe da kundin Winchester da na L.C. Smith, ƙungiyar masu tara Parker tana ba da wasiƙar bincike daga tsofaffin littattafan gidan, manyan gidajen Landan da ke raye kuma suna da nasu kundin. Wasiƙar za ta faɗi daraja da geji da tsawon bututu da ranar da aka fitar da ita, wani lokaci har da wanda ya yi oda. Kuɗinta kaɗan ne idan aka gwada da asarar da take tarewa. Idan abin da ke hannunka ya saɓa wa abin da ke takarda, takardar za a bi.

Wani abu da ke sauya lissafi a yanzu shi ne dokar dalma. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayar dalma a duk ƙasar tun 1991. Tarayyar Turai ta hana ta a wuraren dausayi daga 2023, a 2025 kuma gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin hana ta kusan gaba ɗaya bayan 'yan shekarun sauyi. Madadin mai arha ƙwayar baƙin ƙarfe ce, ita kuma ba ta lanƙwasa kamar dalma idan ta zo matsin baki, tana iya kumbura bakin siririn bututu. Akwai ƙwayar bismut mai laushi, amma da tsada. Sakamakon haka, talakawan geji 12 masu siririn bango da gajeren mazauni sun yi sanyi a kasuwar Ingila, masu kauri da dogon mazauni kuma, waɗanda yawancinsu na bayan yaƙi ne, sun fi samun mai so. Kada dai a ɗauka ƙarshen zubi yana nufin an yi ta don ƙwayar ƙarfe. Ba a yi ba. Wadda aka gwada don harsashin ƙarfe mai ƙarfi tana da nata tambarin daban mai siffar fure, kuma maƙerin da ya san tsofaffin bindigogi shi zai ce ga abin da taka za ta iya ci.

Ta fuskar doka ma shekarar ƙira tana da tasiri, kuma ba ta goyon bayan ƙarshen zubi. A dokar tarayyar Amurka, abin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ne kayan tarihi. Ta 1938 cikakkiyar bindiga ce a idon hukuma, ko da yake wadda ta kai shekara 50 tana shiga rukunin da mai lasisin tarawa zai iya saye. A Birtaniya sai da takardar izinin bindigar farauta daga 'yan sanda. Bututun da ya gaza inci 18 a Amurka, ko inci 24 a Birtaniya, yana fitar da bindigar daga rukuninta ya kai ta wani mai tsauri. Tsallakar da ita daga ƙasa zuwa ƙasa kuwa yana buƙatar izinin fitarwa da na shigarwa, kowace ƙasa da nata sharuɗɗan.

Wajen biyan kuɗi, a gidan gwanjo farashin da aka buga guduma a kai ba shi ne abin da za ka biya ba. Akwai la'adar gidan a kan mai saye, wadda a wasu wuraren take zarce kashi 20 cikin 100, ga haraji da kuɗin aikawa, kuma kaya sukan tafi ne yadda suke, ba mayarwa. Dillalan Amurka masu mutunci sukan ba da kwana uku na dubawa, da sharaɗin ba za a harba ko a kwance ta ba. A cikin kwanakin nan ne ake kai ta wurin maƙeri mai ma'aunin bango da na rami, a nemi ya rubuta kaurin kowane bututu da tsawon mazauni da yawan matsin baki. Dillalin da ya ƙi ba da waɗannan lambobi kafin ciniki, ya kuma ƙi yarda a auna bayan ciniki, a bar masa kayansa.